Darasi na 11: Talla ta Wayar Salula da Kariyar da Doka ta Ba Ka

Wayar salula ta shigo Nijar a shekarar 2001. Kafin ta iso Damargu, ɗan kasuwar Tanut da ke son sanin kuɗin gero a Damagaram sai ya jira direban da ya taso daga can, ko ya hau mota da kansa ya yi tafiyar wajen kilomita 150. Makiyayin Tenhiya ba ya sanin yadda aka sayar da rago a Bakin Birji sai wanda ya ci kasuwar ya komo. Wata masaniyar tattalin arziki mai suna Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsi na ƙasar nan daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa inda rezo ya sauka, tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ita ce kuma ta binciki shirin ABC, wanda a 2009 da 2010 ya haɗa karatun manya da koyon rubuta saƙo a waya cikin ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram. Ɗaliban da suka koya da waya sun fi sauran ƙoƙari a karatu da lissafi. Don haka ba za mu zauna a ajin nan mu zagi waya ba. Ta yi mana rana.

Sai dai hanyar da labarin kasuwa ya bi ya iso gare mu, ita mai talla ya biyo. Duk mai layi, ko na wane kamfani ne, ya san saƙon da ke faɗowa ba tare da an neme shi ba: sayi wannan forfe, shiga wancan tombola, sa waƙa a layinka, gwada sa'arka a kan ƙwallon Turai. Talla ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yarinya mai tallan fura takan tsaya a ƙofar gida ta yi sallama, a ce mata yau ba a saye, ta wuce gida na gaba. Tallan waya ba ya sallama, ba ya duba lokacin salla ko na barci, kuma in ka ce a'a gobe ma yana nan tafe. Wani lokaci ma kafin ka ankara ya taɓa maka kiredi.

Kiran da ba a iya ƙin ɗauka

Ma'aikacin Yamai in ya ga baƙuwar lamba yana iya ƙyale ta ta yi ta ruri har ta gaji. Mutumin Damargu ba shi da wannan sukuni. Da wuya ka shiga unguwa a Gangara, ko Olelewa, ko Falanko, ko ƙauyukan kwarin Tarka ta wajen Balbeji, ka tarar babu wanda ya tafi ci-rani. Wani yana Libiya, wani Aljeriya, wani wurin haƙar zinariya a Jado, wani yana dako a Kano. Ɗan ci-rani kuwa ba kullum yake kira da lamba ɗaya ba. Yau wayar ubangidansa ce, gobe ta abokin kwanansa. Saboda haka baƙuwar lamba a nan tana iya zama ɗa ne ke cewa ya isa lafiya, ko ya turo kuɗi ta Nita ko Al Izza a je a karɓa, ko kuwa, Allah ya kiyaye, labarin rasuwa. Uwa ta ajiye taɓarya, ta goge hannu a zane, ta ɗauka gabanta na faɗuwa, sai ta ji muryar na'ura tana rattaba Faransanci a kan wata garaɓasa.

Wani zai ce ai ba a cire mata ko dala ba, tunda mai ɗaukar kira ba ya biya. An cire mata caji. A ƙauyen da wutar Nigelec ba ta kai ba, caji sayensa ake yi a wurin mai sola ko mai janareto, wani lokaci ma sai ranar kasuwa ake ba da waya a kai. A ruga can arewa da Tanut, sai an hau tudu ake kama rezo, kuma da wayar ta kama, saƙonnin tallan da suka taru kwana da kwanaki su ne ke fara kwararowa. Ƙaramar waya mai maɓallai tana da iyakar saƙon da take ɗauka. In ta cika, saƙon da ake jira ba ya samun wurin shiga sai an share wasu, mai wayar kuma yana tsoron sharewa don bai san wanne ne na talla, wanne ne na shaidar kuɗin da aka turo masa ba.

A nan ne babbar matsalar take. Manyan da suka iya karatun boko a Nijar ba su kai rabi ba, kuma a karkara, musamman cikin mata, abin ya fi haka ƙasa. Saƙonnin kuwa galibinsu da Faransanci suke zuwa. Akwai kuma wani iri da ba ya shiga akwatin saƙo, sai dai ya fito ya tare fuskar waya yana jiran amsa. Wanda bai iya karanta shi ba yana so ne kawai ya kawar da shi ya kira wanda zai kira, sai ya danna maɓallin da ya fi kusa da babban yatsansa.

Karatu: A rumfar mai caji

Wani dattijo ya zo karɓar wayarsa ranar kasuwa. Mai caji saurayi ne da ya yi ƴan shekaru a lakkol.

Dattijo ya ce, "Yaro, duba mani abin nan. Shekaranjiya na sa mata dala ɗari, ban kira kowa ba, yau an ce saura dala sittin. Ko aljani ne ke magana da ita?"

Saurayi ya dudduba, ya ce, "Baba, an sa ku cikin abu biyu. Akwai waƙar da mai kiranku yake ji kafin ku ɗauka, akwai kuma labarin ƙwallo. Kowane dala goma a yini."

"Ƙwallo? Ni da ko filin ban taɓa takawa ba?"

"Wani rubutu ba ya fitowa ya tare muku fuskar waya?"

"Kullum. Nakan danna na tsakiyan nan, sai ya ɓace."

"To ai shi ne, Baba. Na tsakiyan nan cewa ne kun yarda. Jan nan za ku riƙa dannawa."

Dattijo ya jinjina kai. Ya ce, "Ikon Allah. Yanzu mutum yakan yarda da cinikin da ba a gaya masa ba?"

Lissafi

Farashin da ke cikin hirar misali ne muka ɗauka don lissafi, amma ku bi shi ku gani. Dala goma, wato sefa 50, a yini. Kwana 30 ya zama sefa 1,500, jika ɗaya da rabi ke nan. A shekara, 50 sau 365 ya ba da sefa 18,250, wato jika goma sha takwas da dala hamsin. Dattijon yana cikin abu biyu, nasa ya kama sefa 36,500. Da a ce wani ya zo ya nemi wannan kuɗi a dunƙule don labarin ƙwallo da waƙar da mai wayar ba ya ma jin ta, da an kore shi. Da yake dala goma-goma ake tsinka, sai mutum ya ce kiredin zamani ne ba ya da albarka.

Abin da doka ta ce

Tambayar da dattijon ya yi, doka ta amsa ta tun tuni. Ranar 16 ga Fabrairu 2010, shugabannin ƙasashen CEDEAO sun sa hannu a Abuja kan wata ƙa'ida ta kare bayanan mutane. A 2014 Tarayyar Afirka ta yi tata yarjejeniyar a birnin Malabo. Nijar na cikin ƙasashen da suka amince da ita, kuma yarjejeniyar ta fara aiki a 2023. Dokar Nijar ta farko a kan wannan batu ita ce mai lamba 2017-28 ta ranar 3 ga Mayu 2017, daga baya aka maye ta da mai lamba 2022-59 ta ranar 16 ga Disamba 2022. Fitar Nijar daga CEDEAO a Janairun 2025 ba ta soke ta ba, domin doka ce ta ƙasa.

Bayanan mutum, a wurin doka, su ne duk abin da za a iya gane shi da shi: sunansa, hotonsa, muryarsa, zanen yatsansa, lambar katinsa na ɗan ƙasa, da lambar wayarsa. Lamba ba ta iska ba ce. Kowane layi da sunan wani aka yi masa rajista, kuma manya za su tuna ƙarshen 2013, lokacin da aka rufe kusan kashi ɗaya cikin uku na layukan ƙasar don masu su ba su kai takardar shaida ba. Tunda hukuma ta ɗaure lamba da sunan mai ita, to taɓa lambar taɓa mai ita ne.

Ginshiƙin dokar shi ne yarda, kuma yardar ta riga tallan zuwa. An hana a yi amfani da bayanan mutum a aika masa talla kai tsaye, ta kira ko ta saƙo ko ta kowace hanya, in bai amince ba tun farko. Ku lura da kyau: ba kai ne za ka bi kamfani kana roƙon ya daina ba, shi ne ya kamata ya nemi izininka kafin ya fara. Yardar da doka ke nufi kuma ba kowace iri ba ce. Sai wadda mutum ya bayar ba tilas, a kan abu takamaimai, bayan an fahimtar da shi. A ganina danna maɓallin da dattijon nan ya yi bai cika ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ba. Amma kada mu yaudari kanmu. Kamfani zai buɗe kwamfuta ya nuna rana da sa'ar da aka danna, ya ce ga yarda nan. Wanda ya zo da baki kawai, mai rubutu zai kayar da shi.

Ko da ka taɓa yarda, kana da ikon janyewa. Mai yiwuwa cikin takardar da ka dangwala wa yatsa ranar sayen layi akwai layin da ya ce ka amince a riƙa aiko maka talla. Wannan ba igiyar da ba ta kwancewa ba ce. Ranar da ka ce ka daina so, dole a daina, ba tare da ka biya komai ba. Kana kuma da ikon tambayar duk wanda ke riƙe da bayananka me ya sani a kanka, ya gyara kuskure, ko ya share. Akwai wata ƙa'ida da ta shafe mu ƙwarai: abin da aka karɓa don wata manufa ba a juya shi zuwa wata. Lambar da ka bayar don a sanar da kai ranar rabon iri ko abincin dabbobi, ba ta halatta a miƙa wa mai sayar da wani abu ba.

Ba kowane saƙon da ba ka nema ba ne talla. Wanda ya gaya maka forfenka ya kusa ƙarewa, ko sanarwar rigakafin shan-inna, ko gargaɗin ambaliya, waɗannan ba ciniki suke nema ba.

Hukumomi biyu ne ke riƙe da aikin tabbatar da an bi waɗannan ƙa'idoji. Ta farko HAPDP, babbar hukumar kare bayanan mutane, wadda ta kama aiki a 2020. Ita ke karɓar kukan wanda aka yi amfani da lambarsa ba da izininsa ba. Ta biyu ARCEP, wadda aka kafa a 2018 a madadin ARTP, tana sa ido a kan kamfanonin sadarwa: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecoms. Ba hukumar ado ba ce. A Yulin 2023 ta ci kamfanonin huɗu tarar da ta haura sefa biliyan 4 a haɗe, saboda rashin ingancin rezo. Akwai kuma doka mai lamba 2015-24 ta 2015 a kan kare masu saye, da ƙungiyoyi irin su ADDC-Wadata da ke magana da yawunsu. Cikas ɗin shi ne manyan ofisoshin duk a Yamai suke, fiye da kilomita dubu daga Tanut, kuma takardunsu da Faransanci ake cika su.

Tun watan Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Ina ganin wuri na farko da ya kamata a ga amfanin wannan shi ne fuskar waya. Duk saƙon da zai cire wa mutum kuɗi ya zo da harshen da yake ji, Hausa ko Tamajak ko Fulatanci ko Barbarci, da murya ga wanda bai iya karatu ba, a faɗi nawa ne kuma kowane kwana nawa za a cire, sannan a sake tambayarsa karo na biyu kafin a taɓa ko dala. Kamfanin da ya iya tallata garaɓasa da Hausa a rediyo ba zai ce Hausar ta gagare shi ba in an zo wurin faɗin kuɗi.

Ina suka samu lambarka?

Wani lokaci ba su samu a wurin kowa ba. Lambar Nijar alƙaluma takwas ce, kuma kwamfuta tana iya bin lambobi a jere tana kira, wadda ta shiga ta shiga. Amma sau da yawa da hannunmu muke bayarwa: takardar tombola da aka cika a bakin kasuwa, littafin da ake rubuta suna da lamba a wurin taro ya kwana a kan tebur kowa na buɗewa, zauren WhatsApp na ƴan gari inda duk wanda ya shiga yana ganin lambar kowa. Tsohuwar waya da aka sayar ba a share ta ba takan tafi da lambobin dangi gaba ɗaya.

Masu babbar waya su ƙara kula. Akwai manhajojin ba da rance da ba sa buɗewa sai ka ba su izinin ganin duk lambobin da ke wayarka. A Najeriya irin waɗannan sun riƙa kiran surukai da abokan wanda ya makara biya suna ci masa mutunci, har a 2021 hukumar NITDA ta ci ɗaya daga cikinsu tarar naira miliyan 10. Lambobin da ke wayarka amanar masu su ce, ba naka ba ne da za ka bayar jingina.

Kano, Amurka da Faransa

Wanda ke zuwa Kano ko Katsina yana riƙe da layin Najeriya, ga abin da zai yi masa amfani. Tun 2016 hukumar sadarwa ta can, NCC, ta tilasta wa kamfanoni lamba ɗaya ta hana talla, 2442. Ka rubuta STOP ka aika wa 2442, saƙonnin talla na layin su tsaya, kyauta. In kamfani ya ƙi saurarenka, ka kira 622 ka kai ƙara wurin hukumar, shi ma kyauta. Lambobin nan a layin Najeriya kawai suke aiki, kada wani ya gwada su a layin gida ya ce an yi masa ƙarya. Abin koyi a nan shi ne sauƙin: alƙaluma huɗu da haruffa huɗu, kowane kamfani iri ɗaya, ɗalibin da ya yi wata guda a aji yana iya rubutawa.

Amurka ta buɗe rajistar masu cewa kada a kira su a 2003, kuma lambobin da ke ciki sun haura miliyan 200. Faransa ta buɗe tata, Bloctel, a 2016. Da abin bai wadatar ba, daga Maris 2023 ta hana kiran talla ranakun Asabar da Lahadi, ta ƙayyade shi daga ƙarfe 10 na safe zuwa 1 na rana da kuma 2 na rana zuwa 8 na dare, ta ce kada a nemi mutum fiye da sau huɗu a wata. Duk da haka mutane ba su huta ba, sai a 2025 aka yi dokar da ta juya lamarin: daga Agustan 2026 ba a kiran kowa don talla sai wanda ya yarda tun farko. Wato bayan shekara goma suna gwaji, sun dawo kan ƙa'idar da ke rubuce a dokarmu. A takarda ba a bar mu baya ba. Inda aka bar mu shi ne hanyar da matar Tarka za ta bi ta ci moriyar takardar ba tare da ta biya kuɗin mota ba.

Wanda ba talla ya zo yi ba

Duk dokokin da muka ambata don mai kasuwanci na gaskiya ne, mai ofis da suna, wanda ake iya cin sa tara. Ɗan damfara ba ya duba rajista. Salonsa sananne ne. Ya kira da fara'a ya ce lambarka ta ci mota ko buhunan shinkafa, amma sai ka turo kuɗin takarda. Ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, za a rufe layinka yau in ba ka karanto masa lambar da ta shigo maka yanzu ba. Ya turo saƙo mai kama da na shigar kuɗi, sannan ya kira yana kuka ya ce kuskure ya yi, kuɗin maganin uwarsa ne, ka taimaka ka mayar. Ya ce daga ƙungiyar agaji yake, sunanka ya fito a rabon tallafi, sai dai akwai ɗan abin rajista. Ko kuma wata lambar ƙasar waje ta yi ƙara sau ɗaya ta katse, kai kuma da ɗanka a Libiya sai ka bi kiran, kiredinka ya ƙone cikin ɗan lokaci. Lambar Libiya da +218 take farawa, ta Aljeriya +213, ta Najeriya +234, tamu +227. Ku rubuta waɗannan huɗu a bangon littafinku.

Lambar sirri ta asusun kuɗinka ba a faɗa wa kowa, ko da ya rantse shi ne shugaban kamfanin. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayarta. Wanda ya ce ya turo maka kuɗi bisa kuskure, kada ka duba saƙonsa, duba asusunka da kanka ko ka je wurin wakili. Gaggawa ita ce makaminsu, shi ya sa kullum sukan ce yanzu-yanzu. Ka ce sai ka yi shawara, ka kashe. Damfara ba maganar ARCEP ba ce, laifi ne a ƙarƙashin doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019 a kan laifukan da ake yi ta na'urorin sadarwa, kuma wurin jandarma ko ƴan sanda ake kai shi. Kunya ce ke hana mutane da yawa zuwa, musamman magidanta, don kada a ce an yi musu wayo. Ɓarawon ya san da haka, da shi yake lissafi.

Kai kuka

Fara da shaida. Kada ka share saƙon da kake ƙorafi a kansa. Duba kiredinka da dare kafin ka kwanta, ka rubuta. Duba da safe kafin ka kira kowa, ka rubuta. Yi haka kwana uku. In yana raguwa ba ka yi amfani da shi ba, ka sami abin nunawa. Kiran talla kuma ka rubuta ranarsa, da sa'arsa, da lambar, da abin da aka ce ana sayarwa. In mutum ne ke magana ba na'ura ba, tambaye shi sunan kamfaninsa da inda ya samu lambarka, sannan ka ce masa a fili ba ka yarda a sake kiranka ba, a cire lambarka. Ba sai ka yi zagi ba. Yaron ko yarinyar da ke kiran albashi suke nema, ba su suka tsara abin ba.

Daga nan sai kamfanin layinka. Kira lambar kula da masu hulɗa, wadda ke jikin takardar layi ko a wurin mai sayar da kati, ko ka je wurin wakilinsu in ka shiga Tanut ko Damagaram. Buƙatunka uku ne: a gaya maka duk abin da aka sa ka ciki, a cire ka, a daina turo maka talla. Nemi a mayar maka da abin da aka cire ba da saninka ba, kuma ka rubuta ranar da ka yi kukan da amsar da aka ba ka. In ba a yi komai ba, sai a rubuta wa ARCEP in maganar kiredi ce da kamfanin waya, ko HAPDP in maganar lambarka ce da ta faɗa hannun wanda ba ka ba.

Ba wanda zai tashi daga Balbeji zuwa Yamai saboda jika ɗaya da rabi, kuma ba wanda ya ce a yi haka. Takarda ce ke tafiya. Takardar mutum ɗaya tana iya kwana a ƙarƙashin wasu, amma ta mutum arba'in daga gari guda, kowa da lambarsa da kwanan wata da adadin da aka cire masa, tana da nauyin da ba a ture ta. Ajin karatu, ƙungiyar mata masu asusu, ƙungiyar makiyaya ko ta manoma, duk suna iya tattara ta. Malamin aji ko sakataren magajin gari ya taimaka a juya ta zuwa Faransanci, a ajiye kwafi ɗaya a gida. Ga yadda jikinta zai kasance:

"Ni mai layi mai lamba kaza, mazaunin gari kaza cikin gundumar Tanut, ina sanar da ku cewa daga ranar kaza zuwa ranar kaza an cire mani sefa kaza a kan abin da ban nema ba. Na kai kuka wurin kamfani ranar kaza, ba a gyara ba. Ina neman a cire ni, a mayar mani da kuɗina, a kuma daina aiko mani talla."

Aiki

Kowa ya fito da wayarsa. Ku zauna biyu-biyu, wanda ya fi karatu da wanda bai kai shi ba. Ku buɗe saƙonni goma na ƙarshe, ku ja layi uku a allo, ku raba su: na mutane, na sanarwa, na talla. Ku ƙirga wane layi ya fi tsawo. In kun ci karo da wanda kuke zargin na damfara ne, ku karanta wa aji, a faɗi alamar da ta tona shi.

Sannan ku koma kan lissafin dattijo. Da farashin gero na kasuwarku a wannan mako, tiya nawa sefa 36,500 za ta saya? Gidan da ke cin tiya ɗaya a yini, kwana nawa za ta kai shi?

Ku tattauna wannan: miji ne ya yi rajistar layi da sunansa, amma wayar a hannun matarsa take, yara kuma suna wasa da ita da dare. In aka danna aka shiga wani abu na kuɗi, wa ya yarda? Wa zai kai kuka?

Aikin gida: kowa ya rubuta kiredinsa dare da safe har kwana uku, da alƙaluma, da sefa da kuma dala. A zo da littafin zama mai zuwa, da shi za mu cika takardar aji.